Babi na Bakwai: Ranar da Baƙo Ya Wayi Gari Abokin Gaba

A ƙarshen watan Maris na 1853 wani ayari ya taso daga Katsina ya nufi Sakkwato. Ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya yada zango a Zakka, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, kafin ya kutsa dajin da ya raba ƙasar Katsina da Zamfara ya ɓulla Zurmi. Zamani ne na zaman ɗar-ɗar. Mayaƙan Maraɗi da na Gobir sun hana yammacin Katsina barci, kuma ba mai shiga wannan daji sai da rakiyar masu makami. A cikin ayarin akwai wani Bature da ake kira Abdulkarim. Sunansa na asali Heinrich Barth, haifaffen birnin Hamburg ne a ƙasar Jamus, amma gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, ita ke biyan guzurinsa, takardunta yake ɗauke da su. Da ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno, da sunan Sarauniyar Ingila ya roƙi a ba fataken Ingilishi amana su shigo su yi ciniki, aka kuwa rubuta masa takarda. A Landan ba wanda ya ga aibi don Bajamushe ya yi wa Ingila jakadanci.

Da a ce Barth ya yi tsawon rai ya sake biyowa ta Zakka a ƙarshen 1914, ɗan sandan gwamnatin da ya yi wa hidima ne zai kama shi. Ba za a tambaye shi abin da ya aikata ba. Inda aka binne cibiyarsa kaɗai ya isa hujja.

Tsakanin zuwan Barth da wannan shekara Jamusawa sun san ƙasar Hausa ciki da bai. Staudinger ya zo Zariya da Kano da Sakkwato a 1885 zuwa 1886. Krause ya daɗe cikin Hausawan Salaga har suka laƙaba masa Malam Musa. Mischlich ya zauna da Imam Umaru a Kete-Krachi, ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Sai dai waɗanda suka fi taɓa aljihun talaka su ne 'yan kasuwa. Kamfanonin Hamburg irin su G. L. Gaiser da Witt da Büsch sun kafu a Ikko tun cikin ƙarni na 19, jiragen ruwan Woermann na yi musu dako, kuma mafi yawan ƙwallon kwakwar manja da ake fitarwa daga Nijeriya Jamus yake tafiya a matse shi. An san su da ba da bashi mai dogon wa'adi da kawo kaya mai sauƙin kuɗi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanonin Turawa suka yi rububin kafa kantuna, Jamusawa ma ba a bar su a baya ba. Manomi bai damu da tutar da ke kan kanti ba. Abin da ya sani shi ne idan masu saye suka yi yawa, gyaɗarsa ta yi daraja.

Ingila ta shiga yaƙi da Jamus ranar 4 ga Agusta, 1914. Washegari majalisar dokokinta ta zartar da dokar taƙaita zirga-zirgar baƙi: duk Bajamushen da ke ƙasar sai ya je ofishin 'yan sanda an rubuta sunansa, kuma ba ya yin nisa da gida sai da izini. A Nijeriya, wata bakwai ke nan da haɗe Kudu da Arewa a ƙarƙashin Gwamna Lugga. Da farko an bar 'yan kasuwar Jamus a wurarensu bisa alkawarin ba za su taimaki ƙasarsu ba. Abin bai ɗore ba. Kafin shekarar ta ƙare an tattara su, an zuba a jirgin ruwa zuwa Ingila, an garƙame kantunansu, an damƙa dukiyarsu a hannun wani jami'in gwamnati. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni, don Jamusawan da aka kamo daga Togo da Kamaru an kai da yawansu Abomey a ƙasar Dahomey, aka sa su aikin ƙarfi cikin rana a ƙarƙashin bulala.

Ba zan ce tsoron da gwamnati ta ji na banza ba ne. Jamus na riƙe da Kamaru, kan iyaka ya miƙe tun daga Tafkin Chadi har bakin teku. A ƙarshen Agusta na 1914 rundunar da ta tashi daga Yola ta kai wa Garwa hari ta sha kashi, aka kashe kwamandanta. A Afrilun 1915 Jamusawa suka tsallako suka kai wa Gurin farmaki. Garwa ba ta faɗi ba sai a Yuni na 1915, kuma a kan dutsen Mora wani hafsa mai suna von Raben ya yi turjiya har Fabrairun 1916. Cikin sharuɗɗan da ya gindaya kafin ya miƙa wuya akwai cewa a bar sojojinsa baƙar fata su koma gida lafiya. A duk waɗannan wurare akwai masu jin Hausa a bayan bindiga ta kowane ɓangare. Ga kuma Daular Usmaniyya da ta shiga yaƙin a bayan Jamus a Nuwamban 1914, Sarkin Istanbul ya yi shelar jihadi, abin da ya hana Razdan-Razdan na Arewa sukuni. A rana ɗaya Kwarori 'yan Sham da Labanan da ke kasuwanci a Nijeriya suka zama talakawan abokin gaba a takarda, alhali da yawansu gudun mulkin Turkawan ne ya fito da su daga gida.

Gwamnatin da ke yaƙi tana da haƙƙin sa ido a kan wanda take zargi, ta kama ɗan leƙen asiri, ta gurfanar da shi. Abin da aka yi ya wuce nan. An yi wa mutane kuɗin goro. A Ingila, bayan jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da jirgin fasinja Lusitania ranar 7 ga Mayu, 1915, jama'a suka fantsama titunan Liverpool da Landan suna fasa shagunan mahauta da masu gasa burodi, don kawai sunan da ke kan allon shago na Jamusanci ne. Gwamnati ba ta tsawata wa masu fashin yadda ya kamata ba, sai ta sanar da cewa za a tsare duk namijin Bajamushe da ya isa shiga soja. Mutum fiye da 30,000 aka tsare, sansanin Knockaloe kaɗai a tsibirin Man ya ɗauki sama da 20,000. Akwai waɗanda suka shekara ashirin ko talatin a Ingila, matansu Ingilishi, 'ya'yansu na bakin daga sanye da kakin Ingila. Guguwar ba ta bar fada ba. Yarima Louis na Battenberg, shugaban rundunar ruwa, ya sauka daga muƙaminsa a Oktoban 1914 saboda asalinsa, kuma a Yulin 1917 Sarki George na Biyar ya yar da sunan gidansu na Jamusanci ya ɗauki Windsor.

Inda gaskiyar lamarin ta fi fitowa fili shi ne wajen rabon dukiya, kuma a nan sunan Nijeriya ya shiga tarihin siyasar Ingila ta hanyar da 'yan makarantarmu ba kasafai suke ji ba. A 1916 aka yanke shawarar yin gwanjon filaye da rumbuna da matsayar jiragen ruwa na kamfanonin Jamus da ke Nijeriya. Ba a Ikko za a yi gwanjon ba, a Landan za a yi. Lugga da ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka suka so a bar ƙofa a buɗe ga 'yan ƙasashen da ke ƙawance da Ingila da waɗanda ba ruwansu da yaƙin, irin su Amurka da Holan. Suna da dalili. Tun da aka kwashe Jamusawa, manyan kamfanonin Ingila suka haɗa baki a kan farashi. Kuɗin da ake ba mai kawo kaya a bakin ruwa ya faɗi, alhali a Liverpool kayan sai tsada suke ƙarawa. 'Yan kasuwar Ikko baƙar fata sun yi ta kuka a kan haka.

Wasu 'yan majalisa kuwa, Sir Edward Carson na gaba-gaba, suka ce atafau ba mai saye sai haifaffen ɗan Birtaniya ko kamfanin da yake na Birtaniya zalla. Ranar 8 ga Nuwamba, 1916 aka tafka muhawara a majalisa. Bonar Law, wanda shi ne sakataren ƙasashen mulkin mallaka kuma shugaban jam'iyyar 'yan mazan jiya, ya kare matsayin gwamnati. Gwamnati ta yi nasara a ƙuri'a, amma kusan rabin 'yan jam'iyyarsa da suka jefa ƙuri'a sun juya masa baya. Wannan ya tsorata shi, ya karkata wajen masu son a sauya shugabanci. Cikin wata guda Firayim Minista Asquith ya sauka, Lloyd George ya hau. Kantunan da aka kulle a gaɓar Ikko na cikin abubuwan da suka kayar da gwamnati a Landan.

Mai karatu ya lura da waɗanda ba su cikin zauren a wannan rana. Babu Bajamushen da aka ƙwace wa kanti, yana bayan waya a sansani. Babu manomin da aka karya wa farashi. Ana ta ambaton kishin ƙasa, amma abin da ake ja a kai shi ne wa zai gaji kasuwar wanda aka kora. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya fi kamata a riƙe daga labarin 1914. Duk inda aka ce wata al'umma gaba ɗayanta abokiyar gaba ce, a duba da kyau, akwai mai jiran rumfarta ko gonarta ko garkenta, kuma sau da yawa muryarsa ce ta fi ta kowa ƙarfi. Talakan ƙasar Katsina a lokacin bai gama farfaɗowa daga yunwar 1913 zuwa 1914 ba, ga haraji, ga gudummawar yaƙi da ake ɗiba daga baitulmalin En'e, ga ɗibar 'yan dako zuwa Kamaru. Korar masu saye ta ƙara masa nauyi ne a kan nauyi.

Sai batun takardar zama ɗan ƙasa. Duk wanda ya san Kano ya san Gidan Ɗan Hausa. Mai gidan, Hanns Vischer, an haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, Jamusanci ne harshen garinsu. Ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya shiga aikin mulki a Arewa, ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909. Da yaƙi ya zo, a sashen leƙen asirin sojan Ingila ya yi aiki. Basel na bakin iyakar Jamus ne. Da an haife shi 'yar tafiya kaɗan a arewa da inda aka haife shi, kuma bai riga ya karɓi takarda ba, da mutumin da ya kafa ilmin boko a Arewa yana cikin waɗanda za a zuba a jirgi. Harshe ɗaya, hali ɗaya, aiki ɗaya, amma layin da wasu suka ja a taswira shi zai raba mai daraja da fursuna.

Ita ma takardar ba ta zama garkuwa ga kowa ba. A 1918 aka gyara doka don a sauƙaƙa ƙwace ta daga hannun wanda aka ba. Sir Edgar Speyer, attajirin da ya zuba kuɗi wajen gina jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, ya zama ɗan Birtaniya tun 1892, yana cikin majalisar mashawartan Sarki. A 1921 aka soke takardarsa, aka haɗa da ta matarsa da ta 'ya'yansa mata. Mata sun fi kowa shan wahalar wannan tsari. Dokar 1914 ta ce mace tana bin ƙasar mijinta, saboda haka Baturiyar Ingila da ba ta taɓa taka Jamus ba, in dai Bajamushe ta aura, ta zama baƙuwa a unguwar da aka haife ta, sai ta je gaban ɗan sanda an rubuta sunanta.

Mutanenmu fa, ina suka tsaya a wannan lissafi? Wanda aka haifa a Ikko talakan Sarkin Ingila ne a doka. Wanda aka haifa a Batsari ko Runka ko Katsina kuwa sunansa wanda Birtaniya ke ba kariya, matsayin da bai kai na ɗan ƙasa ba. Baƙo daga Turai na iya cike takarda ya zama ɗan Birtaniya, ya zo ya yi mulki a nan. Wanda ake mulka, wanda ya biya haraji ya ba da ɗansa soja, yana ƙasa da shi a ma'aunin doka.

Yaƙin duniya na biyu ya maimaita abin, har da ƙari. A gwanjon da aka yi a Landan a 1924 Jamusawa sun sake sayen yawancin gandayen ayaba da roba da ke gindin Dutsen Kamaru, yankin da ake mulka tare da Nijeriya. Daga baya da yawa daga cikinsu sun zama magoya bayan Hitila a fili, ba sa ɓoyewa. Wannan kam abin tsoro ne na gaske. Amma da Faransa ta faɗi a 1940 aka tashi kamu, ba a tsaya tantancewa ba. An rufe Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, aka watsa ɗalibanta zuwa wasu makarantu, aka mai da ita wurin tsare Jamusawa da Italiyawa. Limaman Katolika Jamusawa da ke aiki a yankin Binuwai tun 1930, cikin Tibi da Idoma, an raba su da coci-cocinsu da makarantunsu. A ƙarshen 1940 aka kwashi waɗanda aka tara daga ƙasashen Afirka ta Yamma aka tsallaka da su teku zuwa Jamaika, maza a wani sansani, mata da yara a wani. A cikinsu har da Yahudawa 'yan gudun hijira, waɗanda suka tsero daga hannun Hitila, sai ga su a tsare wuri ɗaya da masu yi masa biyayya. Daga Ingila kuma an ɗora wasu a jirgin Arandora Star za a kai su Kanada, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da shi ranar 2 ga Yuli, 1940, mutum wajen 800 suka halaka. Gandayen Kamaru ba su koma hannun masu su ba, gwamnati ta kafa hukuma ta riƙe su bayan yaƙi.

A daidai wannan lokaci jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, tana kai labarin yaƙi ƙauyuka, gwamnati na ɗibar mutane dole zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942, samarinmu na tafiya yaƙi ƙasar Bama. Babban kwamandan da sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa a can shi ne Mountbatten, ɗan wancan Yarima na Battenberg da aka tilasta wa sauka a 1914. Jinin da aka ƙi a wurin uba shi aka damƙa wa runduna a wurin ɗa. Yau kuma a Batsari da Safana dattijo na kunna rediyo ya saurari sashen Hausa na Muryar Jamus, kamfanin Julius Berger na gina gadoji a Nijeriya tun 1965. Gabar ta wuce. Shekarun da aka cinye wa mutane a bayan waya ba su dawo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon Turawa ne kaɗai. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarbawan zango da aka haifa a can suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. A Janairun 1983 Nijeriya ta yi irin nata, kuma ba 'yan Gana kaɗai abin ya shafa ba, har da 'yan Nijar da Chadi. Kafin nan, a Janairun 1980, jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, suka kai shi Chadi suka ajiye, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korarsa ta saɓa doka, ta kuma ce a biya shi diyya. Tsarin mulkin 1999 ya hana a kori ɗan ƙasa daga Nijeriya, kuma wanda ya samu 'yancin ta hanyar haihuwa ba mai ƙwace masa. Wanda ya samu ta hanyar nema kuwa, sashe na 30 ya ba shugaban ƙasa ikon karɓewa, kuma cikin dalilan da aka lissafa akwai hulɗa da abokin gaba a lokacin yaƙi. Ko a nan, abin da mutum ya aikata doka ta ambata, ba ta ambaci jininsa ba.

Ƙasar Ruma, wato yankin Batsari, ta san wannan al'amari fiye da yawancin wurare. Tun bayan jihadi, da sarakunan Katsina na Haɓe suka koma Maraɗi, dangi ɗaya suka rabu gida biyu, kuma kan iyakar da Ingila da Faransa suka shata ya ƙara raba su. Har gobe akwai wanda kakarsa 'yar Madarunfa ce, ƙanwarsa na aure a Ɗan Isa. Yanzu kuma ga bala'in 'yan bindiga da suka yi sansani a dajin Rugu, sun kashe, sun sace, sun ƙone rumbuna, sun tashi ƙauyuka, sun hana noma. Wanda aka kashe wa ɗa ko aka sayar da gonarsa don biyan kuɗin fansa ba ya bukatar a koya masa fushi, kuma ba ni da bakin ce masa ya yi shiru. Amma mun ga inda fushin ya kan faɗa. An tare Bafillace a hanyar kasuwa don kamanninsa, an ƙone rugar da mai ita shi ma an kore masa shanu, an hana mace mai tallan nono shiga gari. A ɗaya ɓangaren kuma 'yan bindiga sun afka wa gari sukutum don wani ɗan sa-kai ya fito daga cikinsa. Ana cewa wake ɗaya ke ɓata gari, amma shari'a ba ta taɓa yarda a hukunta mutum da laifin ɗan'uwansa ba, kuma kowane marar laifi da aka zalunta, an ba ɓarayin daji sabon ɗan aike ne ko sabon mai kai musu labari.

Ina roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni na Batsari da Safana, da limamai, da ardo-ardo, da shugabannin 'yan sa-kai: duk wanda aka kama, a faɗi abin da ya yi, a kawo shaida, a miƙa shi ga hukuma ya tsaya gaban alƙali. Dabbobi ko gonar wanda ya gudu a rubuta su a gaban shaidu a ajiye masa, kada a raba. Wanda ba a samu da laifi ba, ko Bahaushe ne, ko Bafillace, ko baƙo daga Nijar, a bar shi ya ci kasuwa ya koma gidansa lafiya.